Jan Biro a Bakin Kaka

Sabon Gari, Gashuwa
3 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Malama Khairat Goni, marubuciya, Nguru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali, da fatan damina ta zo muku da sauƙi, amin.

Malama, ba ki san ni ba, kuma ban ga laifinki ba, don ko a makarantarmu akwai malamin da sai a zango na biyu ya gano ina ajinsa. Sunana Mardiyya Mu'awiya, shekarata sha shida. Ranar da kika zo kika yi mana magana a kan rubutu ina layi na uku, ta wajen taga. Da kika ce mai tambaya ya ɗaga hannu, tawa tana rubuce a tafin hannuna, amma hannun ya ƙi tashi. Kafin a tashi taron gumi ya cinye ta. Wannan takardar ma ita ce ta huɗu, uku na yaga.

Na karanta littattafanki bakwai. Jirgin Laraba kuwa sau biyar, a cikin bangon littafin lissafi nake ɓoye shi saboda Baba. Wurin da Ismail ya tsaya a tsohuwar tashar jirgi yana ƙirga taragun da ba su kawo masoyiyarsa ba, wallahi har yau in na zo nan sai na rufe littafin na ɗan zauna tukuna.

Ga tambayar da gumi ya cinye. Me ya sa masoyan da ke cikin littafi duk a Abuja ko Kano suke? Ko Ismail da yake ɗan Nguru, sai da ya je Abuja ya dawo da mota kafin bakinsa ya buɗe. Mu nan ba a son juna ne? Ni in na tsaya a kan gadarmu da yamma, ruwa ya cika ya tumbatsa, masu kwalekwale suna dawowa, sai in ga kamar wurin an yi shi ne don a tsayar da mutum biyu a littafi. Ki yi haƙuri in tambayar ta yi kama da rashin kunya.

Abin da ya sa na yi ƙarfin halin rubutowa shi ne sanarwar da na ji a rediyo, cewa kina tattara labaran sababbin marubuta, za a zaɓi takwas a riƙa karantawa ran Asabar a shirin Sabon Alƙalami. Ga nawa nan a ambulan, shafi tara, sunansa Mai Banda. Ba ƙirƙira ba ce. Labarin kakata ce, Ya Kaltum, mahaifiyar Babana, da yadda ta auri kakana marigayi Ahmed, masunci ɗan Dagona mai kai bandar kifi kasuwar garin su Kaka.

Kaka ba ta karatun boko, idonta ma ya fara yin hazo. Amma rediyonta ba ya barin gefenta, ko turaren wuta take haɗawa yana nan a kan tabarma. Ba na neman komai sai ta ji kanta a cikinsa sau ɗaya.

Ba ni da waya, Baba ya ce sai na gama sakandare. Kawuna Hizbullahi direba ne, kullum yana Gashuwa zuwa Nguru, shi zai kawo miki wannan. In akwai amsa a ba shi. In babu ma ba komai, na gode da kika karanta har nan.

Allah ya ƙara basira, ya ja kwana.

Mai ƙaunar rubutunki,
Mardiyya Mu'awiya

*

Nguru
10 ga Satumba

'Yata Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida iyayenki, a miƙa mini gaisuwa ta musamman wurin Ya Kaltum.

Kawunki ya kawo saƙo, ya kuma ƙi tafiya sai da na buɗe a gabansa, wai kada ki ce ya yar a hanya. Ki daina ce mini Malama, ban taɓa riƙe alli ba. Anti ya wadatar.

Tambayarki ba rashin kunya ba ce, kuma amsarta ba ta da daɗi. Mai karatu ta wuni a zafin Gashuwa, ta yi wanki, ta yi girki, in ta ɗauki littafi so take a kai ta inda ake kunna na'urar sanyi, ko da a takarda ne. Na taɓa fara wani labari wanda saurayin gero yake aunawa a kasuwarmu. Matan zauren karatuna na waya suka taso mini, wai in kashe shi a babi na uku in kawo likita. Na kawo likitan. Haka sana'ar take yanzu, mai karatu tana zaune a cikin aljihunki, kina rubutu tana yi miki gyara.

To ga albishir. Labari casa'in da uku suka zo, naki yana cikin takwas. Abin da ya kama ni shi ne wurin da yarinyar ta ƙi wanke gefen zanen da ya gogi kwandon bandarsa, uwarta tana ta faɗan gidan yana ƙarni. Ba a koyar da irin wannan a aji. Kina da ido.

Sai dai Hausar. Inda ke kike ba da labari lafiya lau ne, amma duk inda tsohuwar ta buɗe baki sai ki mai da mace namiji. Na sa an yi kwafi, na bi shi da jan biro na daidaita miki, ga shi nan, na asalin yana wurina. Ki sake kwafewa a tsabtace ki aiko kafin ƙarshen wata. Hamajoɗa, mai karanta labarai a gidan rediyon, shi zai karanta shi ran Asabar 12 ga Oktoba, bayan la'asar. Ki gaya wa Kaka ta tanadi batir.

Ki ci gaba da karatu, har da na lissafin da kike wa fashin bango.

Antinki,
Khairat

*

Gashuwa
14 ga Satumba

Anti Khairat,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya gida, ya aiki? Kaka tana amsawa, ta ce Allah ya yi albarka.

Ban san yadda zan gode miki ba. Da na ga "cikin takwas" sai da na shiga bayan ɗaki na toshe bakina da hijabi na yi ihu, Umma ta zaci kunama ce. Ƙawata Madina ta karanta wasiƙar sau uku, har tana shinshina takardar wai ta ji turaren marubuta.

Anti, don Allah kada ki ji haushin abin da zan faɗa. Kwana uku ina juya shi, in ɗauki biro in ajiye.

Ban kwafe ba.

Wuraren da kika gyara ba kuskurena ba ne. Na san mace "ta" ce, namiji "ya". Haka Kaka take magana. Babarbariya ce ta Kumagannam, kuma kin fi ni sanin cewa a harshensu magana ba ta raba mace da namiji. Ni tun ina rarrafe "kai" take ce mini. "Kai Mardiyya, ka zo ka daka mini wannan." In ta ce "uwarka ya fita", kowa a gidanmu ya san Umma ce ta tafi unguwa. Da na karanta maganarta da jan bironki a kai, sai na ji kamar an sa wa Kaka haƙoran wata.

Amma ba wannan ne babban ba. Don Allah ki buɗe shafi na shida.

Kakana Babade ne, ita Babarbariya, ba mai jin yaren wani, Hausar kasuwa ce ta haɗa su. Da ya tura kawunsa neman aure, mahaifinta Babakura ya ce zai yi shawara, wato a'a ke nan cikin ladabi, don ba ya son 'yarsa ta tafi bakin ruwa. Bayan wata guda kawun ya dawo jin amsa, ya tarar Babakura ya yi tafiya. Ya yi sallama a ƙofar gida, Kaka ta amsa daga bayan zana. Ya ce, "Maganar nan da muka kawo, me aka ce?" Ta ce, "Ya yarda."

Kawun ya juya da murna. Mako na zagayowa sai ga dattawan Dagona goma sha ɗaya a ƙofar Babakura, sun sha tafiyar kwana biyu, da goro da kaya, suna ta yi masa godiya. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce wa ya ce na yarda? Aka kira Kaka, ta durƙusa ta ce, "Ni ban ce Baba ba. Na ce yarinya ya yarda." Babakura bai da bakin kama ta, don shi ma Hausarsa ke nan. Dattawa suka yi ta dariya har da hawaye, shi kuma ya ji nauyin mai da su hannu rabbana. Ya bayar.

Anti, kin mai da shi "Ta yarda." In ta ce "ta yarda", kawun ya san yarinya ake nufi, ya koma gida ya ci gaba da jira. Ba dattawa, ba goro, ba aure. Ba Babana, ba ni. Harafi ɗaya kika canja, kika share gidanmu gaba ɗaya.

Ina roƙon a bar bakin Kaka yadda yake. Nawa ki gyara duk inda kika ga dama, ba zan ce uffan ba.

Ki gafarce ni in na wuce gona da iri. 

Taki,
Mardiyya

*

Nguru
19 ga Satumba

Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya.

Na buɗe shafi na shida, na ga ɓarnar da na yi. Kin yi gaskiya. Da na karanta da farko na ɗauka kawun ne kunnensa bai ji daidai ba. Hannuna ya riga idona, ko a allon shago na ga "ya" a mazaunin "ta" sai na ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Wannan laifina ne, na karɓa. Shafi na shida ya zauna yadda kika rubuta, "ya yarda" da "yarinya ya yarda", duka biyun.

Sauran kuwa a gyara. Ki saurare ni, don shekarata goma sha tara a wannan harka.

Takarda daban, rediyo daban. Wanda zai karanta Hamajoɗa ne, Bafulatani, kin kuwa san wasan da ke tsakaninsu da Barebari. Mutumin kirki ne, amma in ya ga "kai Mardiyya, uwarka ya fita" a rubuce, sai ya ga an miƙa masa nama har gida. Zai ja murya, ya karya harshe, ya ƙara gishirin da ba ki sa ba. Kin ga finafinan barkwanci, kin ga 'yan gajerun bidiyon da ke yawo a waya. In ana son a yi dariya, wa ake sa wa babbar riga a ce ya yi Hausa? Mu ne. Tashar nan ana kama ta har wajen Haɗeja. Ke kin rubuta labarin soyayya, su za su ji wasan kwaikwayo. Zanen nan mai ƙarnin banda da ya sa na zaɓe ki, ba wanda zai ji shi, suna can suna tafa hannu.

Kin ce burinki tsohuwa ta ji kanta. To so kike ta ji gari yana ƙyaƙyata mata? Ba Hausa nake karewa ba, Hausa tana da masu kare ta da yawa. Kakarki nake karewa.

Marubuci ba na'urar ɗaukar murya ba ne. Yana ɗaukar abin da mutum ya faɗa ya sa masa tufafin fita. Haka na yi a duk littattafaina, kuma ke da kanki kika ce sau biyar kika karanta ɗaya.

Ki kwafe, ki bar biyun nan, ki aiko. Ina jira zuwa 30 ga wata. In bai zo ba akwai ta tara a layi, yarinya ce daga Jakusko, labarinta ba laifi.

Allah ya yi miki jagora.

Anti Khairat

*

Gashuwa
25 ga Satumba

Malama Khairat,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta. Kwana biyu na yarda da ke. Na ma fara kwafewa, na kai shafi na uku. Sai na ce bari in tambayi mai bakin, tunda nata ne ba nawa ba.

Jiya da hantsi na same ta tana haɗa turare, ta baza itacen a faranti tana zuba masa suga da aka narka. Ban gaya mata komai ba, na ce, Kaka, ga wani labari. Na karanta mata gyararren. Ta saurara, tana juya ludayi, har na kai inda aka ɗaura aure. Sai ta ce:

"Allah sarki. Wannan mata wane ne? Ɗan Kano ne? Shi ma mai kifi ya aura?"

Malama, ba ta gane kanta ba. Sunanta yana ciki, sunan garinsu yana ciki, ta ɗauka wata mai irin sunanta ce.

Sai na karanta mata nawa. Tun a layi na huɗu ta ajiye ludayin. "Kai! Wa ya ba ka izini ka sa ni a takarda?" Tana faɗa tana dariya, tana goge ido da bakin ɗankwali. Ta gyara mini abu ɗaya, wai dattawan sha uku ne ba sha ɗaya ba, biyu sun tsaya ɗaure jakuna.

Na gaya mata duk abin da kika ce, ban rage ba. Na ce za a yi mata dariya a rediyo, kuma Bafulatani ne zai karanta.

Ta ce, "Fulata? Fulata ne zai yi mini dariya? Shi ya gyara nasa Hausa tukuna. Ka gaya masa in ya gama dariya ya zo ya ɗauki ƙwaryar ubansa, tun bara yana bayan ɗakina."

Na ce, Kaka, da gaske nake, har Haɗeja za a ji.

Ta ce, "Dattawa sha uku sun yi mini dariya a gaban ubana, ina durƙushe. Da suka gama, wa ya tafi da miji?"

Don in tsokane ta na ce, ashe da kin iya cewa "ta" da ba a haife mu ba. Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da take wa mai kawo mata itacen turare in ya haɗa da na banza. Ta ce, "Wa ya ce maka ban iya ba?" Sai ta gyara zama ta ce, tiryan-tiryan kamar mai karanta labaran duniya: "Ta yarda. Ta tafi. Ta dawo." Na saki baki. Ta ce ƙawayenta na bakin rijiya Hausawa ne, tun tana ƙarama ta iya. "Ranar nan ne ban ga amfaninsa ba. Daga ranar kuma ban sake ɗauka ba. Hausar da ya ba ni miji, zan canja shi saboda mai rediyo?"

Ko Babana bai san wannan ba. Ta ce kada in sa a labarin, amma in gaya wa mai jan biro kaɗai.

Don haka, Malama, ba zan iya barin biyu in gyara sauran ba. In tun shafin farko tana magana kamar 'yar Kano, ta zo shafi na shida ta ce "ya yarda", kowa ya san ƙarya ta yi, mahaifinta ma da ya kama ta nan take. Sauran su ne suke riƙe da biyun. Kuma kin ce marubuci yana sa wa mutum tufafin fita. Kaka tana da nata, ita ta zaɓa, shekara hamsin da wani abu tana sanye da su.

Akwai abin da na lura, ki yafe mini. Na koma na duba littattafanki bakwai. Jirgin Laraba kusan dukansa a Nguru aka yi shi, amma kowa a ciki da bakin Kano yake magana, har mai shayin tasha. Babarbare ɗaya ne tak, maigadi, shi ma kai kawai yake gyaɗawa. Sunan mahaifinki Goni. Ina mutanenku suka tafi?

In ba za a karanta yadda yake ba, a ba Kawu labarina ya dawo mini da shi. A ba ta Jakusko wurin, Allah ya sa ta dace. Na yi kuka a kan wannan, ba zan ɓoye ba, don ban san ko zan sake samun irin wannan damar ba. Amma gara Kaka ba ta ji komai ba da ta ji wata mata a rediyo ta yi mata Allah sarki.

Na gode da duk abin da kika yi mini. Ba zan daina karanta littattafanki ba.

Mardiyya Mu'awiya

*

Nguru
4 ga Oktoba

Mardiyya,

Wa alaikumus salam. A gaida gida, a gaida Ya Kaltum, a ce mai jan biro ta ji saƙo.

Na ga an mai da ni Malama. Na ji haushinki kwana uku cur, har kawunki ya zo sau biyu na ce babu amsa. Yarinyar da hannunta ya ƙi tashi a aji, ita ce take tambayata ina mutanena.

Bari in gaya miki inda suka tafi. Ina da shekara ashirin da biyu littafina na farko ya fito, aka gayyace ni taron marubuta a Kano. Na tafi da mahaifiyata, ta yi lalle, ta sa lafayarta ta biki, ta zauna a layi na biyu. Aka miƙo mini abin magana. Na ce, "Ina godiya ga mahaifiyata, shi ne ya fara ba ni labari." Zauren ya fashe. Wani har da buga tebur. Na dubi mahaifiyata, ita ma dariya take, tana gyaɗa wa mutane kai, ta ɗauka murna suke taya ta. Har ta rasu ban gaya mata ba. Shekaru ana kirana "Shi-ne" a tarurruka. Da na dawo gida na sayi jan biro, na fara da bakina.

Wannan ba ya nufin na yi kuskure a kan rediyo. Ran Alhamis na kai wa Hamajoɗa naki na asali, na ce ya karanta tsakani da Allah, ba wasa. Ya rantse. Layi biyu ya yi lafiya, a na uku harshensa ya zame da kansa, mai kula da na'ura ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana shessheƙa. Ba mugunta ba ce, abin a jininsu yake. Na isar masa da saƙon ƙwarya, ya ce a gaya wa tsohuwa zai zo da sadakinta.

Sai na ce to ni zan karanta. Na rufe ɗaki na gwada. Ya ƙi. Duk inda na zo "ya" sai bakina ya gyara kafin in ankara, in na tilasta shi kuma sai ya fito kamar ina kwaikwayon wata. Ni na yi wa kaina wannan.

Saura mutum ɗaya da ta san muryar nan ba tare da ta mai da ita abin wasa ba. Na yi magana da shugaban shirin, ya amince da ƙyar. Ba a taɓa ko harafi, amma ke za ki karanta da bakinki. Kai tsaye ake yi, ba a naɗa balle a goge. Minti ashirin ke da abin magana, sannan a buɗe layin waya minti goma, duk wanda ya ga dama ya kira ya faɗi abin da ke ransa. Za a yi dariya, kada ki yi shakka. Wani zai kira ya ce a koya wa yarinyar nan Hausa. Ba zan iya toshe bakin kowa ba, kuma wannan karon ba Kaka kaɗai za a yi wa ba, har da ke, da sunanki da na mahaifinki, 'yan ajinku suna ji.

In ba za ki iya ba, ba abin kunya ba ne, ni ma ban iya ba. Labarinki yana nan a ambulan, kawunki zai kawo miki, ta Jakusko kuma a shirye take. Ki nemi izinin Babanki. Ina son amsa kafin Talata.

Khairat

*

Gashuwa
7 ga Oktoba

Anti,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta.

Zan zo. Baba ya ce Kawu ya kawo ni da motar safe ya tsaya har a gama. Kaka ta ce ba za ta je ba, a tabarmarta take son ji, ta riga ta gayyaci matan layinmu kaf.

A gyara sha ɗaya ya koma sha uku. Ban da shi kada a taɓa komai.

In an buɗe layin waya, a bar ni in amsa da kaina. Ban san me zan ce ba tukuna.

Na gwada karantawa a gaban Madina sau shida. Har yanzu muryata takan ɗauke gaba ɗaya a shafin farko. Don Allah a ajiye mini ruwa a kusa. In ta ɗauke ran Asabar, ki jira ni. Kada ki karɓi takardar daga hannuna.

Sai mun zo, in sha Allahu.

Taki,
Mardiyya